Dogon Hutu a Gidan Mama Rifkatu

Ku da kuka taɓa yin dogon hutu a gidan Mama Rifkatu, ku faɗi tsakaninku da Allah, akwai wanda ta taɓa yi wa sannu da zuwa kafin ta ɗaga jakarsa? Babu! Kana sauka daga mashin a ƙofar gidan nan na bayan layin dogo a Kafanchan, ka buɗe hannu za ka rungume ta, ita kuwa ta wuce ka ta nufi jaka. Ta ɗaga, ta jijjiga, ta kara kunne. In ta ji nauyin shinkafa ko ƙarar gwangwanin madara, nan take fuska ta washe: "Ɗana! Ka yi girma! Ya uwarka?" In kuwa tufafi ne kawai da cajar waya, sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "To. Bakinka dai ba ka manta shi a Kaduna ba ko? Shigo."

Ita ce babbar yayar iyayenmu. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu ya bar mata ɗakuna huɗu, da 'yar gonar masara da citta, da fansho mai zuwa ran da ya ga dama. Sai ƙannenta na Kaduna da Abuja suka zauna suka yanke, ba tare da sun tambaye ta ba, cewa babu inda yara za su koyi tarbiyya da yarenmu kamar gidanta. Tarbiyya ce a baki. Gaskiyar magana, kowa so yake ya huta da ciyarwa ya tara kuɗin makarantar Satumba. Ana rufe makaranta sai mu zubo mata, wata shekarar har mu goma sha huɗu. A watan Agusta fa, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, mudun masara a kasuwa sai ji da kai yake. Kullum da safe in ta leƙo ta gan mu zube a tabarma, magana ɗaya ce: "Makaranta ce ta yi hutu. Ni wa ya ba ni?"

Abincin gidan kuwa kun san shi: gwate. Gwaten masara da safe, gwaten acca da rana in an yi sa'a, da yamma kuma ɗumamen na safe. Mama ta ce duk cikin abinci babu mai kirkin gwate, don ko nawa ka ƙara masa ruwa ba ya fushi. In baƙo ya yi sallama, ba ta tashi daga kujera, sai dai ta ɗaga murya ta kira jikarta da ke bakin murhu: "Godiya, kofi biyu!" Baƙo ya ɗauka ruwan sha za a kawo masa, alhali tukunya ake nufi. Ran da Precious 'yar Abuja ta ture kwano ta ce ita ba ta cin wannan abu, a gidansu hatsin kwali ake zuba mata da madara, Mama ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ta, "Da mene ake yin shi?" Precious ta ce masara. Mama ta tura mata kwanon ta ce, "Ga shi nan, kwalin ne kawai babu. In kin gama zan nemo miki kwali ki riƙe."

Amma inda basirar Mama ta fi fitowa shi ne harkar coci. Kun san lokacin hutu kowace majami'a tana shirya wa yara makarantar Littafi Mai Tsarki, kuma ana raba ɗan abin taɓawa. To, Mama ta san wacce ke ba da biskit kawai, ta san mai ƙarawa da zoɓo, ta san wacce ke dafa shinkafa ranar rufewa. Maƙwabciyarta Mama Nkechi, mai shagon kayan masarufi, ita ce mai kawo rahoto da karyayyiyar Hausarta: "Mama, cocin namu gobe akwai shinkafa da kwai, ka turo yara da wuri." Haka muka zama Katolika wannan mako, 'yan Baftis mako na gaba. Har wajen masu fararen riguna da ba sa shiga da takalmi mun je, Mama ta ce hakan ma ya fi, takalman makaranta sun huta. Ko suna aka yi a gidan Malam Idi mahauci, mu ne farkon 'yan barka.

Asiri ya tonu ranar Lahadin yara a cocinmu. Aka kira ƙaramin Bulus, ɗaya daga cikinmu, ya yi addu'ar buɗewa, yaro ya fito gaban jama'a, ya gyara tsayuwa, ya yi alamar gicciye a goshi da ƙirji tsaf kamar yaron fadan Katolika. Dattawan coci suka dubi juna. Da yamma sai ga Fasto a gida, fuska a ɗaure.

"Mama, na zo ne a kan tumakin Ubangiji. Suna yawo da yawa."

"Fasto, tumakin nan ci suke yi."

"Amma koyarwa za ta rikice musu."

"Ran da cocinmu ta fara dafa shinkafa, ni da kaina zan koro su hanyar gaskiya."

Fasto ya fara laluben takalminsa. Kafin ya tashi aka kawo masa gwate. Da ya ga fuskarsa a cikin kwanon, bai ƙara tayar da maganar ba.

Sai kuma azumi. Kai, Mama! Da buhu ya fara kwanciya, sai ta tashe mu da asuba da murya mai sanyi ta ce an nuna mata a mafarki gidan nan yana buƙatar azumi da addu'a har zuwa la'asar. Mu yara muka yarda, har Emmanuel ɗan Kawu Danladi ya lura cewa ba a taɓa nuna mata komai ba in buhu yana tsaye. Washegari ya zo ya durƙusa gabanta, ya yi kalar tausayi.

"Mama, ni ma an nuna mini."

"Haleluya. Me aka ce?"

"An ce a yanka jan zakaran nan."

Zakaran da kowace shekara ake mana alkawarinsa ranar komawa makaranta, kowace shekara kuma shi ke raka mu bakin ƙofa da cara. Mama ta gyara ɗankwali, ta ce, "Wanda ya yi maka maganar, in ya dawo ka ce ya zo ya same ni. Ya san ɗakina." Zakaran nan tsufa ne ya kashe shi. Ko a ranar ma sai da ta tsaya a kansa ta ce ai ya yi gaggawar tafiya.

Tun da na ambaci Kawu Danladi, ga shi can yana sunkuyar da kai, bari in faɗa. Shi ne autansu Mama, yana zaune a Sabon Tasha da ke Kaduna. Kowane hutu yakan turo yaransa biyar da burodi guda ɗaya da saƙo: "A gaya wa Yaya, Allah zai tanada." Mama ta yi ta haɗiyewa, har shekarar da citta ta ruɓe a gonaki. Ita kuwa cittar nan ce take sayarwa ta biya wa jikokinta marayu biyu makaranta. A shekarar ba wasa ba ne, na ga Mama ta shiga ɗakin ajiya ta daɗe ba ta fito ba, da ta fito kuma ba ta yi wa kowa tsawa ba, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Ana cikin haka sai ga 'yan Sabon Tasha da burodinsu.

Mama ta karɓi burodin ta ajiye. Ta je ta sami wani direba ɗan cocinmu da ke kai kaya Kaduna ta hanyar Kachia, ta roƙe shi alfarma. Da safe ta ce kowa ya yi wanka, za mu je ganin birni. Ta loda mu duka, har da jikokinta, ta sayi burodi guda ɗaya ta damƙa mini, don ni ce babba. "In kun isa ki gaishe da kawunki. Ki ce Allah zai tanada."

Jama'a, ɗaki biyu Kawu yake haya! Da ya buɗe ƙofa ya gan mu jere har bakin kwata, sai ya riƙe ƙyaure. Matarsa ta leƙo ta koma ciki, muka ji tana kiran sunan Yesu. Kafin dare mun cinye abin da suka ajiye na sati. Kwana biyu muka yi, a na uku Kawu ya ɗauko shatar mota ya maido mu Kafanchan da kansa, da buhun shinkafa a but, da jarkar manja, da rabin buhun wake. Mama tana zaune a ƙofar gida tana tsinke yakuwa. Ta dubi kayan, ta dubi ƙaninta da ke share gumi, ta ce, "Ka gani, Danladi? Ya tanada. Dama ta hannunka ya so ya bi, kai ne kake ta kaucewa."

Bara da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, muka haɗa baki mu da muka girma cewa bana kada kowa ya tura mata yara, a bar ta ta huta. Muna ganin mun yi abin kirki. Sati ɗaya da rufe makaranta sai ga kiranta.

"Alheri, wa ya mutu?"

"Babu kowa, Mama."

"To me na yi muku? Gida shiru kamar an yi mini kwancen kaya. Na sayi masara tun kaka da araha, ƙwari zan ba?"

Na ce mun ga ba ta da lafiya ne. Ta ce ƙafarta ce ke ciwo, bakinta lafiya lau. Ranar Asabar muka kai mata su, 'ya'yanmu, waɗanda ba su san komai ba sai danna waya. Daga kan kujera ta yi mulkinta, sanda a hannu, tana aika wannan, tana korar wancan daga bakin tukunya. Da muka je ɗaukarsu a ƙarshen hutu, ƙaramar 'yata ta riƙe zaninta tana kuka ta ƙi shiga mota. Mama ta ce, "Ku tafi da ita, ta cika ci." Amma ba ta saki hannun yarinyar ba sai da direba ya yi hon sau biyu.

Ba a kai ga cin sabuwar doyar Kirsimeti ba ta tafi.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Rifkatu. Ta riƙe 'ya'yan da ba ita ta haifa ba, ba ta taɓa rufe wa ko ɗaya ƙofa ba. Ka karɓe ta, ka zaunar da ita, wannan karon wani ya yi hidima ita ta ci ta ƙoshi. Mu kuma ka ba mu ko rabin zuciyarta. Sai mun sadu a ƙafafun Yesu, Mama. Amin.