Allurar Bindigar Yayana

Shekara ashirin da shida yayana yana gadin wani kamfanin katako, bai taɓa harbin ko ɓera ba. Bindigarsa mai baki biyu ce, ta gado, da lasisinta a naɗe cikin leda. Kullum sai ya shafe ta da mai, har matarsa takan ce da ita ake wa wannan shafar da ba ta tsufa ba.

Sai aka yi sabon manaja. Ya ce duk mai gadi zai yi gwajin harbi, wanda harsashinsa bai sami allo ba ya ajiye aiki. Hannun Yaya kuwa ya fara rawa, ko shayi ya ɗauka sai riga ta sha rabi.

Abokin aikinsa, mai riƙe da sabuwar bindigar kamfani, ya ba shi shawara. Ya ce, "Cire harsashi, ka ɗora marfin kwalba a kan bakinta, ka yi ta jan kunama. Ran da marfin ya daina faɗuwa, ka ci. Haka nake yi da tawa."

Wata guda Yaya yana tsakar gida yana saitin wata tsohuwar tukunya. Ƙas, ƙas, tun hantsi har la'asar.

"Maigida, tukunyar nan ta mutu sau ɗari yau," in ji matarsa. "Zo ka ci abinci kafin ta tashi."

A mako na huɗu marfin ya zauna daram. Ranar har ya aiko a kira ni in gani.

Ranar gwaji ya sa harsashi, ya tsaya ƙyam, hannu ko motsi. Ya ja kunama. Ƙas. Ya ja kunama ta biyu. Ƙas. Manajan ya duba agogo, ya kira na gaba.

Ni na raka shi wurin mai gyaran bindiga. Mutumin ya kwance ta, ya zazzago wasu ƴan gutsattsarin ƙarfe a tafin hannu.

"Baba, allurar da ke dukan harsashi ce, duka biyun sun karye. Ja kake yi ba komai a ciki?"

"An ce ba ya ɓata ta."

"Yawancin sababbi suna jurewa. Tsofaffi irin wannan, da ƙananan nan masu dukan gefen harsashi, in allura ba ta sami abin duka ba, kanta take ci. Ai da ka sa kwanson harsashin da aka riga aka harba."

Yaya ya ce, "Ni da ban taɓa harbi ba, ina zan sami kwanso?"

Mai gyaran ya ce an daina ƙera irin allurar tun da daɗewa. Kamfani kuma ba ya sake gwaji.

Jiya na leƙa shi. Yana zaune a bakin ƙofar ɗaki, bindigar a kafaɗa, marfin kwalbar a kan bakinta.

"Ƙanena, duba," in ji shi. "Ko gezau."

Na duba. Gaskiya ne, ko gezau. Matarsa ta zo ta ɗauke tukunyar.