Hoton Idon Inna

Akwai wasu shekaru da ba a zama da ni a tashi ba a ji zancen kyamara ba. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Gummi, kuma na mallaki wata 'yar ƙaramar kyamara ta hannu mai shiga aljihun riga, sai na ɗauki kaina masani. Kyamarar irin waɗanda gilashin gabansu a manne yake ce, ba a cire shi a sa wani, ba ta kuma zuƙo abin da ke nesa. In kana son abu ya cika hoto, sai dai ƙafarka ta kai ka wurinsa. Wannan nakasar na mayar abin alfahari. Ina cewa mai babbar kyamara malalaci ne, yana laɓe daga nesa yana satar fuskokin mutane, ni kuwa sai na matso na yi sallama.

Abin da ya fi ruɗa ni da ita wani ɗan maɓalli ne mai alamar fure. In ka danna shi, kana iya kai kyamarar dab da abu, ta fito maka da abin da ido bai taɓa lura da shi ba. Masu sana'ar suna kiran wannan makro. Na ɗauki hoton ƙwayar gero, na ɗauki ƙayoyin ƙafar fara, ɗinkin hula, har ƙudan da ya sauka a bakin ƙwaryar fura bai tsira ba. Wata rana wani baƙo mai haƙar zinariya ya nuna mini dutse, yana jiran in taya shi murna, ni kuwa na durƙusa ina ɗaukar ɗigon da ke ƙyalli a jikinsa ina yaba wa kyamarata. Mutumin ya karɓe dutsensa ya yi gaba.

Abokin gardamata wani mai ɗaukar hoton biki ne, mutumin Anka, mai babbar kyamara da jaka cike da gilasai. Duk lokacin da aiki ya kawo shi Gummi mukan haɗu a teburin mai shayi, kuma kafin shayin ya huce mun fara.

"Malam, wagga taka ta wasan yara ta," haka yakan ce. "Makro na gaskiya sai da gilashinai na musamman. Kai sai ka shige ma abu, inuwarka ta tare haske, ƙwaron ma shi tashi shi bar ka."

Ni kuma in ce masa ai wanda ya iya, ko da ƙaramin abu sai ya yi aiki, shi jakarsa ce ke ɗaukar masa hoto. Mai shayi ya gaji da mu har ya daina sa baki. Na ƙudura a raina sai na kawo wa mutumin nan hoton da zai rufe masa baki.

Ni ne ɗan farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa ganin ta dube ni ido da ido ba. A ɗakin kakata na tashi. In na je gida a garinmu Adabka na shiga gaishe ta, sai ta ja mayafi ta karkata gefe, ta amsa gaisuwar tana kallon bango. In tana da magana da ni, ƙanwata ce 'yar aike ko da ina zaune a wurin: "A ce ma wancan tuwonai na ɗaki." Uwarta Bafulatana ce, don haka kunyar tata ta fi ta sauran matan unguwa tsanani. Ban taɓa jin abin ya dame ni ba. Na san kwalbar man shanun da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado tawa ce, kuma duk ranar da zan koma sai saƙonta ya iske ni a zaure cewa Allah ya kiyaye hanya.

Ƙanwata ce ta kira ni a waya ta ce idon Inna na dama ya lalace, na hagun kuwa tun da daɗewa ba ya gani. Tana zuba ruwa a gefen kofi, ta daina tsince shinkafa, in za ta zagaya sai ta dafa bango. Hankalina ya tashi. Na nemi wani abokin karatuna da ke aikin ido a Sakkwato. Ya ce hanyarmu ba ta da kyau kuma ba kullum take lafiya ba, kafin a wahalar da tsohuwa a kan babur, in turo masa hoton idon da hasken rana, ya ga ko abin gaggawa ne. Ya ƙara da cewa, "Ko da waya ne ya isa."

Na ji wannan maganar sarai. Amma ina ajiye waya, fuskar da ta faɗo mini a rai ta mutumin Anka ce. A wurin masu son makro babu gwajin da ya kai idon mutum. Na goge kyamara, na cika batir, na hau kabu-kabu ina jin kaina kamar likitan da aka aiko.

Da hantsi muka yi abin, a tsakar gida. Inna na zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiya, matar ƙanena na daka, wata maƙwabciya ta shigo aron rariya ta tsaya kallo. Da na bayyana abin da za a yi, ƙanwata ta ciro wayarta.

"Yaya, bari in ɗauka da wagga. Ko ka gwada min inda za ni latsawa ga taka."

Na yi mata dogon bayani a kan yadda waya ke dagula hoto, da yadda kyamarata ba ta son hannun da bai saba ba. Inna ta ce da iska, a hankali, "A ba yarinya ta ɗauka." Na yi kamar ban ji ba.

Na durƙusa a gabanta. Kyamarar ba ta zuƙowa, dole in kai ta dab da idon, ni ma fuskata na biye. Tun da aka yaye ni ban taɓa kusantar Inna haka ba. Na ji ƙanshin man shanu da hayaƙin itace a mayafinta, na ga zanen kumatunta ɗaya bayan ɗaya, na ji yadda take riƙe numfashi. Duk sanda na matso, sai fatar idon ta sauka. Na ɗauka, na duba: gashin ido da kwalli. Na sake: bakin mayafi. Da na samu ta ɗan buɗe, sai inuwata ta tare haske, daidai yadda mutumin Anka ya faɗa, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Na sa aka ja tabarmar zuwa rana. Gumi ya fara bin bayana, maƙwabciya na ƙunshe dariya, kyamarar da na cika gari da yabonta tana neman kunyata ni a gaban mata.

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. "Haba Inna, ki buɗe ido ki dube ni mana. Sai ɓata mini lokaci kike yi."

Taɓarya ta tsaya. Inna ta ɗago kai, ta buɗe idanunta duka biyu, ta dube ni. Na danna.

Ta miƙe, ta dafa bango, ta shige ɗaki. An kawo mini tuwo kamar kullum, amma na kasa cin na kirki. Da zan tafi, ƙanwata ta biyo ni zaure da kwalbar man shanu. Na tsaya ina jiran saƙon da aka saba. Ta miƙo mini kwalbar ba ta dube ni ba, ta ce, "Ba ta ce komi ba."

Likita ya duba hoton ya ce yanar ido ce ta rufe shi, ana cirewa, mu kawo ta idan an samu hanya. Ko kalma ɗaya bai faɗa ba a kan kyan hoton, kuma sai da na ji haushin hakan. Har yau in na tuna wannan haushin sai in ji kamar in nutse.

Duk da abin da ya faru, sai da na kai wa mutumin Anka hoton. Muna teburin mai shayi na kunna kyamara na tura masa. Ya ƙura wa hoton ido, ya faɗaɗa shi, ya daɗe yana kallo. Jijiyoyin farin idon sun fito ɗaya-ɗaya, yanar ta fito fara a tsakiya, ko'ina tar.

"Wanga ya yi," in ji shi. "Ban zaci tana iyawa ba."

Abin da na daɗe ina jira ke nan. Ina shirin buɗe baki sai na ga ya ƙara faɗaɗa hoton. A cikin ƙyallin idon ga ni nan tsugune, kyamara ta rufe mini fuska, a bayana ga ƙanwata ta dafe baki da hannu. A ƙasan idon kuma ruwa ya taru bai kai ga zubowa ba. Ni da na ɗauki hoton ban lura da wannan ba, kaifin jijiyoyi nake dubawa.

"Idon wa na?"

"Na Inna ne."

Ya ɗago. "Ba kai na babba ba?"

Na ce ni ne.

Ya kashe kyamarar, ya goge ta da bakin rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Sai ya juya ya tambayi mai shayi ko an yi ruwa wajen Bukkuyum. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna da kofi a hannu, na rasa inda zan sa idona. Daga ranar ba mu sake gardamar kyamara ba, shi bai tayar ba, ni ma ban da bakin tayarwa.

Bayan kaka muka kai Inna Sakkwato, ni da ƙanwata. A mota ina gaba suna baya, kuma duk tsawon hanyar ba a aiko mini da ko kalma ba. Tun ranar hoton haka muke: in gaishe ta ta amsa, amma an daina cewa a ce ma wancan. Na so in ba ta haƙuri, na rasa ta inda zan fara, domin ba ta haƙurin ma sai na tsaya a gabanta na yi mata magana kai tsaye, abin da ya jawo matsalar tun farko. Aka yi aikin, aka rufe idon da auduga, aka ce sai washegari.

Da safe wata ma'aikaciyar jinya ta zo cire audugar. Ina tsaye wajen ƙafar gado, kyamarar na aljihuna don sabo, ban ko taɓa ta ba. Ina tsoron kada idon ya ƙi buɗewa, a ce wahalar da na ba ta da kunyar da na keta duk a banza. Aka ɗaye audugar, Inna ta yi ta ƙifta ido, hawaye na bin zanen kumatunta. Ma'aikaciyar ba 'yar wajenmu ba ce, ba ta kuma san ko ni wane ne ba. Ta nuna ni da yatsa.

"Mama, wa kike gani a gabanki?"

Inna ta juyo. Idon ya sauka a kaina, ya ɗan tsaya. Sai ta laluba mayafinta, ta ja shi, ta mayar da fuska bango.

Ma'aikaciyar ta dube mu da damuwa, ta fara cewa wani lokaci sai a hankali gani ke dawowa. Ƙanwata ta fashe da dariya tana share hawaye da bayan hannu.

"Ta gani, Malama. Wallahi ta gani."

Na juya zan fita don kada su ga fuskata. Ina kai wa bakin ƙofa na ji muryar Inna, tana magana da bango yadda ta saba.

"A ce ma wancan shi tai shi nemi abin kari. Tun jiya ban ji ya ci komi ba."