Mai Shiga Cikin Fiffike

A gida Yaya muke ce masa, a wurin aiki kuma Tsinke, kuma wanda ya gan shi ba zai tambayi dalili ba. Siriri ne mai ƙananan kafaɗu, riga tana rataye a jikinsa kamar an shanya ta a igiya. Mahaifiyarmu ta sha damuwa da ramarsa tun muna yara, ta ɗura masa magani iri-iri, ba ta san ramar nan ce za ta riƙe gidan bayan rasuwar Baba ba.

Aikinsa shiga cikin fiffiken jirgin sama. Ni ma da ban san fiffike yana da ciki ba, sai da ya gaya mini cewa a nan ake zuba man jirgin. Idan jirgin fasinja ya yi wasu shekaru yana tashi, sai a ja shi cikin katuwar rumfar gyara, a tsiyaye man, a hura iska, a kwance wani murfi a ƙarƙashin fiffiken. Ƙofar da ke bayyana ba ta fi faranti girma ba. Ta nan Yaya yake cusa hannu ɗaya, sai kai, sai ɗaya kafaɗar, ya ja ciki cikin duhu da abin rufe hanci, da tocila, da ɗan madubi a bakin sanda. Abin da yake nema tsaga ce, wadda sau da yawa ba ta kai kaurin gashi ba, a gefen kan ƙusa, inda ƙarfe ya gaji da lanƙwasa. Idan an gan ta tana ƙarama, gyara ne na 'yan kwanaki. Idan ba a gan ta ba, ba ta tsayawa, kullum jirgi ya tashi sai ta ƙara tsawo.

Ni ce autarmu, tela ce ni, kuma ni ce mai baki a gidan. Tun da mijina ya rasu nake zaune a ɗakin ƙasa na gidan Yaya da kekena na ɗinki, saboda haka babu abin da ya faru da ban gani ba. Nakan ce masa duk duniya shi kaɗai na sani da ake biya albashi don sa ido. Sai ya yi murmushi, domin ba mai ramuwa ba ne. Yakan dawo yana ƙaurin man jirgi har cikin gashin kansa, matarsa ta tura shi wanka, ya fito ya rantse babu sauran wari, mu ce masa ai gwano ba ya jin warin jikinsa. Abinci kuwa kamar tsuntsu yake ci. Idan matarsa ta ƙara masa, sai ya ture farantin ya ce ƙofa ba ta ƙara faɗi don mutum ya ƙoshi.

Yana son aikin, son da ni ban taɓa fahimta ba. Ya ce min akwai na'urori masu jin tsaga a cikin ƙarfe, amma sai ido ya yi zargi ake kai su wurin. Ya ce ba a haska tocila kai tsaye, kwantar da ita ake yi, don tsaga ta yi inuwa. Akwai lungunan da kai ba ya shiga, sai ka kwanta a kan kafaɗar dama, ka tura madubi, ka runtse ido ɗaya ka leƙa da na hagu. Shekara da shekaru yana wannan kwanciyar, har kafaɗarsa ta dama ta fi ɗayar sauka. Ba a taɓa yi masa godiya ba, kuma bai taɓa jira ba. A aikinsu, in ji shi, idan ka iya, babu abin da ke faruwa, kuma ba a yi wa mutum tafi don babu abin da ya faru.

Abin ya fara da ƙananan abubuwa. Ya riƙa bugun ƙyauren falo da kafaɗar hagu. Ya ture kofi sau da yawa daga kan tebur. Matarsa ta ce tsufa ne, 'yarsa ta ce gajiya ce, ni na ce dama mutumin da ba ya cin abinci iska ma tana iya kaɗa shi.

Wata safiya ya zuba mini shayi a kofin gilashi ya miƙo mini. Kofin a tsage yake tun daga baki har kusan rabi. Wannan mutum ne da ya taɓa jefar da sabuwar tukunya saboda ya ga wani layi a jikin hannunta da babu wanda ya gani. Na kwashe da dariya, na ce yau dai mai sa ido ya yi barci. Bai yi dariya ba. Ya karɓi kofin, ya ɗaga shi wajen taga, ya runtse idon dama kamar yadda ya saba a wurin aiki. Ya matsar da kofin kaɗan, ya dawo da shi, ya sake matsarwa. Ya daɗe yana haka har shayin ya huce. Daga baya ya gaya mini cewa idan kofin yana tsakiya yana ganin tsagar, idan ya gusa kaɗan zuwa ƙasa sai ta ɓace, kofin ya koma lafiyayye.

Ni na raka shi asibitin ido. Suka sa shi ya kifa goshi a jikin wata na'ura, ya riƙa danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Ina zaune a bayansa ina ganin ɗigon yana walƙiya, shi kuma yatsansa bai motsa ba. Likitar, wata dattijuwa mai magana a hankali, ta ce hawan jinin ido ne. Ta ce ciwon ba ya zafi, yana cin gani ne tabo-tabo, ya bar tsakiya sai ƙarshe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Yaya ya ce shi bai taɓa ganin wani baƙin tabo ba.

"Da baƙi kake gani ai da tuni ka zo," in ji ta. "Ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin da abin da ke kewaye. Idan bango kake kallo, sai ta cike maka da bango."

Sannan ya tambaye ta, idan ƙarfe mutum yake kallo fa? Ta ce sai ta cike masa da ƙarfe. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba, amma ɓarna irin wannan ba ta wata ɗaya ba ce, ta shekaru ce. Duk shekara kamfani yana gwada masa ido, a ba shi ƙananan haruffa ya karanta, ya karanta su tsaf, domin tsakiyar idon lafiya lau take.

A hanyarmu ta dawowa ina ta satar kallonsa. Na san ba makanta yake tunani ba. Fukafukai yake tunani, duk waɗanda ya shiga a shekarun nan, ya leƙa lungunansu da idon hagu, ya fito ya sa hannu cewa babu komai.

Matarsa ta roƙe shi ya rufa wa kansa asiri. Ta ce saura kaɗan ya yi ritaya, ga yarinya ba ta gama karatu ba, ya riƙa ɗiga maganinsa ya yi shiru. Ba muguwa ba ce, tsoro ne ya kama ta, kuma ban ga laifinta ba. Washegari ya sa rigarsa mai guga ya tafi ya gaya wa shugaban sashensu komai. Bai roƙi a bar shi a aiki ba. Abu ɗaya ya roƙa, a sake buɗe fukafukan da ya duba, a sa wani ya shiga.

Da shugaban nan mugu ne da na samu wanda zan zaga, da na ji sanyi. Mutumin kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya tashi ya riƙe hannun Yaya, ya ce masa ai yana cin gwajin ido duk shekara, don haka a doka aikinsa ingantacce ne, babu wanda zai tuhume shi. Ya ce kowane jirgi yana da lokacin da za a sake buɗe shi, wani baɗi, wani sai bayan shekaru. Ya ce ba za a iya ajiye jirage a ƙasa kwana da kwanaki saboda zato ba. Wasu ma an sayar da su, an sake musu fenti, suna can wasu ƙasashe suna ɗaukar mutane. Ya yi alkawarin zai rubuta wa na sama. Na yarda ya rubuta.

Suka mayar da shi ɗakin ajiyar kayan aiki, yana miƙa wa mutane tocila da madubi ta taga. Bai daɗe ba ya ajiye, ya ce ba zai iya kallon ƙafafun wani suna ɓacewa cikin ƙofar nan ba. Aka yi masa ɗan bikin sallama, aka sha lemo, aka ba shi agogon bango. Kowa ya tashi ya ce ba a taɓa yin ido irin na Tsinke ba, shi kuma yana zaune kansa a ƙasa kamar wanda ake karanta wa laifinsa.

Gidanmu ba shi da nisa da filin jirgi, don kusa da aiki ya kama shi tun farko. Da can ƙarar jirage ba ma jin ta. Yanzu duk wanda ya tashi sai Yaya ya daina abin da yake yi, ko da loma ce a hannunsa, har sai ƙarar ta ɓace. Rediyo ba ya rabuwa da kunnensa. Idan aka fara labarai sai ya daina numfashi, idan aka gama ba a ambaci jirgi ba, ba ya jin daɗi, sai dai ya jira na gaba. Na yi masa faɗa, na yi masa wasa, na ce masa ba shi ke riƙe da jirgi a sama ba, Allah ne. Ya ce ya sani, amma Allah bai ce ya sa hannu a kan abin da bai gani ba. Ni da ba a taɓa kashe mini baki ba, ranar na koma kan kekena na yi ta kuka.

Bayan kusan shekara, wata abokiyar aikinsa ta zo gaishe shi da rana. Gajera suke ce mata, shi ya koya mata shiga fiffike tun kafin ta yi aure, yanzu ita ce babba a cikinsu. Na shimfiɗa musu tabarma a baranda na kawo ruwa. Suka gaisa, suka tambayi iyali, tana ta juya kofi a hannu. Shi ne ya gaji, ya ce ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ta ce ɗaya daga cikin jiragensa ya shigo rumfa, lokacinsa ya yi, kuma ita da kanta ta shiga. Ta samu tsaga guda. An riga an gyara, jirgin ya koma aiki, babu abin da ya samu kowa. Ta ce ta zo ne don kada ya ji a bakin wani.

Ya tambaye ta a ina. Ta kwatanta masa lungun, can kusa da inda fiffike ya haɗu da jikin jirgi, bayan wani ƙarfe. Na ga kafaɗarsa ta dama ta sauka, hannunsa ya miƙa cikin iska kamar yana riƙe da sandar madubi. Ya tambaye ta tsawonta. Ta nuna masa da yatsa, ya jawo hannunta kusa da fuskarsa har ya samu wurin da idonsa ke gani.

"Wannan ba ta shekara ɗaya ba ce," ya ce.

"Malam, ba a iya sanin haka da ido. Kai ka koya mini."

"Ni na koya miki, shi ya sa kika sani." Ya saki hannunta. "Na tuna lungun nan. Na kwanta, na tura madubi, na kwantar da tocila. Ban yi gaggawa ba. Wallahi sumul na gan shi."

Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu.

"Sauran fa?" ya ce.

Gajera ta ce duk wanda ya shigo, ita za ta shiga da kanta, ba za ta bar wa kowa ba. Ya gyaɗa kai. Sannan ya tambaye ta waɗanda aka sayar, su wa zai shiga. Ya jira ta har ya gane ba ta da amsa, sai ya ce mini in raka baƙuwa, rana ta yi zafi.