Itacen da Laure Ta Tanada

A wani ɗan ƙauye da ke gefen hanyar Gumel zuwa Maigatari, idan ka ce Laure sai a tambaye ka wace Lauren, don su uku ne. Amma kana cewa mai itace, ko yaron goye zai nuna maka gidan da baki. Tun tana budurwa a ƙasar Sule Tankarkar, kafin a kawo ta nan aure, gammo bai bar kanta ba. Har gashin tsakar kan ya gaji ya gudu, abokan wasanta suna tsokanarta wai ita da ungulu uwarsu ɗaya. Ita kuwa takan ce su bari ɗari ya shigo, za ta ga wanda zai zo ƙofarta yana washe haƙora.

Gaskiyarta kuwa. Ƙasar nan rairayi ce, bishiya ba ta da yawa, wadda ke akwai kuma tana da mai ita. Gawo na gona ne, wanda ya sare shi ya sare tuwon gidansa. Abin da ya rage wa talaka shi ne sabara da geza da karan gero, sai kandilo, wato busasshen kashin shanu, ga wanda ya riga wani tashi. In ɗari ya kankama, itace a kasuwar Gumel sai mai hali. A nan ne mutane suke zaton Laure tana cikin daula. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo: duk damin da ta ɗauko hatsi yake komawa, ita kuma ta kwana a ɗaki mai sanyi, ta naɗe kamar tabarma. Fitila ma tuni ta kife ta. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano gyaɗa ta zama 'yar gata, ake loda ta a jakai ana yin kudu da ita, man da za ka ɗiga wa lagwani ya fi ƙarfin irin su Laure. Sai ta koyi cin tuwo da sauran hasken rana.

Mijinta, Ilu, mutum ne mai sanyin hali, ba ruwansa. Ya rasu a shekarar babbar yunwa, shekarar da gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. Maza sun haƙa kabari da ɗan ƙarfin da ya rage musu, amma da aka zo rufe ramin ciki, inda akan jera guntayen itace kafin a tura ƙasa, sai aka rasa ko ɗaya. Da kara aka rufe Ilu, shi ma guntu-guntu. Mace ba ta bin gawa, don haka Laure ba ta gani ba. Sai dai maƙabartar a bakin hanyar dajinta take. Washegarin ruwan farko ta bi ta nan da gatari a kafaɗa, ta ga kabarin ya rufta, ga sawun kura ya zagaye shi, ga farin ƙyalle a waje. Ta koma ta gaya wa maza suka je suka gyara. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, amma tun daga ranar tsoro ya shige ta, bai kuma fita ba. Ba mutuwar take tsoro ba, rufin take tsoro.

Wannan ne ya sa ta shiga tanadi. Duk rani sai ta ware lokaci ta tafi can wajen Gagarawa, inda daji ya fi duhu, ta nemo guntun ƙirya, itacen da gara ba ta ci, ta ɗauko shi a ka. Wani lokaci ɗaya take samu a shekara, wani lokaci biyu. Kowanne tsawon hannu, kaurin cinya. Ta jera su a bayan rumbu, ta lulluɓe da tsohuwar zana. Garin duka ya san da zancen. Masu ba'a suna cewa Laure ta gina ɗakin lahira ta bar na duniya yana yoyo. Akwai shekarar da wani maƙeri ya zo har gida yana so ta sayar masa ya yi gawayi, ta bi shi da muciya har bakin zaure. An sha sanyi a gidan nan, sanyi na fasa dunduniya, ba ta taɓa ɗaga zanar ba sai don ta ƙara.

'Ya'yanta duk sun koma ga Allah, sai auta, Hannatu, wadda ke aure a Maigatari. Mijin, Cindo, ɗan jakai ne, yana yi wa fatake dako. Da cikin fari ya tsufa, aka kawo Hannatu gidan uwa kamar yadda aka saba, ta haihu a nan ta yi wanka a nan. Haihuwar kuma ba ta tashi zuwa ba sai tsakiyar ɗari, a shekarar da damina ta yi rowa, kara ya yi gajere, kowa yana kaffa-kaffa da nasa.

Wanda bai taɓa riƙe maijego ba yana zaton wanka wasa ne. Safe da yamma sai an tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya, a tsoma reshen runhu a yi ta fyaɗa wa jiki. Ga gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi, ga kunun kanwa, haka har arba'in. Kowa a garin ya san abin da ake faɗa game da wadda ta yanke wanka: sanyi ya shige ta, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara. Laure ta ga irin su da idonta, ta kuma yi wa wasu wankan gawa.

Itacen wanka haƙƙin miji ne, Cindo kuma bai guje wa nasa ba. Ya kawo abin da jakansa suka iya ɗauka, ya tsuguna a waje ya gai da surukarsa ta bayan danga, kansa a ƙasa. Bayan suna ya bi ayari zuwa Kano, ya ce in ya juyo zai ƙaro. Allah Sarki, rabin kayan nasa ma ɗanye ne, hayaƙi ya fi wuta yawa. Tun ba a yi nisa ba ya ƙare.

Daga nan Laure ta fara cin gidanta da wuta. Ta zare dangar baya, har awakin maƙwabta suka mai da tsakar gidan hanya. Ta sauke rumfar da take shan inuwa. Ta tone tushiyar kara a gonar Ilu har farcenta ya yi jini. Ta fasa tsohon turmi. Kandilo kuwa yanzu har mata masu rufin asiri suna tsere a kansa, kuma wutarsa ba ta tafasa tukunya irin wannan sai ta ga dama. Ta yi niyyar zuwa daji mai nisa, amma wa zai tsaya wa maijego da jariri, wa zai ɗora ruwan yamma? Sabarar kusa an share ta ƙaf. Ta je wajen masu itace irinta, kowa ya nuna mata tafin hannu. Ita da ta yi shekaru tana ɗumama ɗakunan mutane, yau ga ta tana yawon roƙon reshe. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Wata safiya Adda ungozoma ta zo duba cibiya. Tsohuwa ce mai baki, ba ta ɓoye-ɓoye. Ta tsoma yatsa a ruwan wankan, ta ja Laure gefe.

"Laure, wannan ruwan wanka ne ko na alwala?"

"Adda, abin da ya samu ke nan."

"Kin duba ƙafar yarinyar nan? Na danna, yatsana ya zauna."

"Na gani. To ya zan yi? Ruwa ya ƙare wa ɗan kada."

Adda ta juya ta kalli bayan rumbu, ta daɗe tana kallo.

"Kada ki fara, Adda," in ji Laure. "Kin san abin da na gani."

"Ni ban ce komai ba. Allah ya ba mu wucewa lafiya."

Ranar Laure ta wuni a zaune a gindin murhu, gaba kura baya sayaki. In ta rufe ido sai ta ga farin ƙyallen nan a kan rairayi. In ta buɗe sai ta ji tarin Hannatu daga ɗaki. Ta ji haushin Cindo, ta ji haushin damina, har jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba sai da ta ji haushinsa, sannan ta yi istigfari. Wuyanta ya riga ya gaji, gwiwa ta fara ƙara. Ta sani sarai ba za ta sake iya ɗauko ƙirya daga Gagarawa ba. Abin da ta ɗauka a ƙarƙashin zanar nan ya tafi ke nan.

Da la'asar ta yi ta tashi ta ɗauki gatari. Ta ɗaga zanar, ta jawo guda ɗaya, ta kai shi bayan gida inda ba za a jiyo ba. Ƙirya ba ta faskaruwa da sauƙi, sai da ta yi gumi a cikin wannan sanyi. A ranta ta ce ɗaya ne kawai, kafin Cindo ya dawo. Ta ɗaure ɗan damin kara ta cusa a gurbinsa, ta mayar da zana yadda take.

Yammacin nan tukunya ta tafasa har tana tsalle. Garwashin da aka kwashe aka zuba a ƙarƙashin gado bai mutu ba sai da gari ya waye. Hannatu ta yi barcin da ba ta yi ba tun da ta haihu.

"Inna, wannan wane irin itace ne? Wutarsa ba ta mutuwa."

"Mijinki ne ya aiko wani da shi."

Hannatu ta sunkuyar da kai tana murmushi, kunya ta hana ta ƙara tambaya.

Cindo bai dawo ba. Ayarinsu ya sami wani dakon ya zarce. Guntun ƙirya ɗaya ya zama biyu, biyu ya ja na uku. Laure tana faskara su siri-siri, tana haɗawa da kandilo don su yi auki, ita kuma ko ɗan yayi ba ta kai ɗakinta ba. Duk wanda ta ɗauka sai ta cusa kara a gurbinsa. Tudun zanar bai rage ba ko kaɗan. Kumburin ƙafa ya sace, tari ya tafi, jariri ya yi ɓul-ɓul. Ranar da aka yi arba'in, na ƙarshen ne a murhu. Laure ta zauna tana kallonsa har ya zama toka, tana murna, tana kuma jin kamar an bar ta tsirara a kasuwa.

Hannatu ta koma Maigatari tana sheƙi, mata suna ta yaba wankan. Tarin da ya bar ta kuwa uwar ya kama. Laure ta ci gaba da fita daji, tana dawowa da abin da bai kai rabin na da ba. Sau ɗaya ta kama hanyar Gagarawa, ta kai rabi, ta zauna a gindin wata aduwa har rana ta karkata, ta juyo hannu wofi. Ba ta gaya wa kowa ba sai Adda. Ana gab da bazara ta kwanta. Aka aika wa Hannatu ta zo ta yi jinya 'yan kwanaki. Wata rana da hantsi Laure ta cika.

Aka yi mata wanka, aka suturta. Sai wani dattijo ya yi sallama daga bakin zaure, ya ce masu haƙa sun gama, a miƙo itace. Hannatu ta share hawaye ta tashi, goyo a baya. Wannan kam abu ɗaya ne da ba za su ji kunyarsa ba.

"Baba, a shigo a ɗauka. Yana nan bayan rumbu. Inna ta daɗe da tanadin abinta."

Maza biyu suka shigo suka ɗaga zanar. Damman kara ne a jere, an ɗaure su tsaf da igiyar kaba, gara ma har ta fara ci. Suka kalli juna. Hannatu ta durƙusa tana ture karan da hannu biyu, tana neman abin da ke ƙarƙashi, har ta taɓo rairayi.

"An sace! Adda, an sace wa Inna itacenta!"

Adda ta zo ta dafa kafaɗarta.

"Ba wanda ya sata, 'yar nan. Da shi kika yi wanka."

Aka zaga gari neman itace, abin da aka samo ko kan gawa ba zai rufe ba, don ɗarin bana bai bar wa kowa komai ba. Rana tana ɗagawa, gawa kuma ba ta jira. Adda ce ta nuna musu tukunyar wankan, tana kife a gefen murhu, gindinta baƙi ƙirin. Aka fita da ita. Daga cikin ɗaki Hannatu ta jiyo ƙarar fasa ta, ta toshe kunne.

Da maza suka dawo ta aika a tambayo dattijon ko ta isa. Ya ce a gaya mata tukunyar ta rufe daga kai zuwa ƙirji, sauran an jera kara, an kuma tula ƙaya a sama, Allah ya sa ta huta.

Hannatu ba ta koma Maigatari ba bayan sadakar bakwai. Cindo ya zo ɗaukarta, ta ce ya yi haƙuri tukuna. Kullum da yamma takan fito inda dangar baya take a da, yaro a baya, ta tsaya tana duban gabas. Garin duka addu'ar ruwa ake yi. Ita kaɗai ce in ta ga hadari ya haɗu gabanta yake faɗuwa.