Ranar da Anka Sa Innata Cikin Akwatin Maƙiya

Shekarar da nike ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a Illela, malaminmu na Faransanci, da muke ce ma mushe, ya zo da wata sabuwa. Kowa shi rubuta gajeren labari bisa gidansu, a yi musanya, wani shi yi ma labarinka sharhi gaban kilas. Wanda ya fi kyau, labarin da sharhin duka, za a liƙa su ga allon bakin ƙofar lakwal, makarantar tamu ke nan, inda kowa ke tsayawa shi karanta.

Ni ko murna kamar in tashi sama. Ga waya na buga nawa, tak-tak-tak, kafin a kaɗa ƙararrawa na kai rabi. Labarin innata na rubuta. Ni ce ɗiyar fari, to kun san yadda abin yake, kunya ba ta barin uwa ta kama sunan ɗan fari. Tunda anka haife ni "waccan" nike. In tuwo ya yi, ƙanwata taka aika: "Ce ma yayarki ta zo." In da baƙi, ko kallona ba ta yi. Amma duk ranar da zan komo lakwal daga ƙauye sai in iske ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji can ƙasan jakata, kuma duk gidan ba wanda ya sa. Nan na ƙare labarin, na kwafe shi ga takarda, ina jin kaina wata shegiyar marubuciya.

Sai ya faɗa hannun wani gaye ɗan bencin gaba, mai bik, biron nan mai kala huɗu. Ya fito, ya zana akwatunan nan da anka koya muna na sharhi: jarumi, abin da yake nema, mai taimako, maƙiyi. Jarumi, yarinya. Abin nema, son uwa. Mai taimako, ƙanwa. Sannan ya ɗaga alli, ya rubuta ƙato a akwatin maƙiyi: UWA.



Na ce, "Kai gaye, tsaya. Kai ba ɗan fari ba ne?"

"Ni ne."

"Innarka na kiran sunanka?"

"Ba ta kira."

"To maƙiyiyarka ce?"

Ya gyara wuyan riga. "Wancan gida ne, hajiya, wanga sharhi ne."

Kilas ta fashe. Wata can baya ta ce, "Allah shi ba innarka haƙuri, furofesa!"

Na ce, "Ƙuli-ƙulin fa? Ba ka gan shi ba?"

"Na gan shi. Ba shi da akwati, sai na bar shi."

Tir! Mutum ya sha nonon ƙauye, ya san abin sarai, amma don layi huɗu bisa allo ya rufe ido. Abin da ya ƙarasa ni, mushe ya tafa. Wai sharhi tsaf, sha bakwai bisa ashirin, shi za a liƙa.

Innata na zuwa kasuwar Illela duk mako da wakenta. Rabin 'yan lakwal sun san rumfarta. Na hango su suna wucewa suna zunɗe, ga wadda ɗiyarta ta rubuta ba ta son ta. Ita ko ba karatun boko, ba ta san abin da anka liƙa ba, kuma ko ta ji ba za ta tambaye ni ba.

Na miƙe. "Mushe, ba ni labarina."

"In kin janye, ziro."

"Ba ni ziron, na gode."

Na karɓe takardata na naɗe, na zauna ina kaɗa ƙafa. Ban taɓa cin ziro mai daɗin wannan ba.

Da anka tashi sai ga gayen a guje, don in ba labari, sha bakwai ɗinshi ma ta bi ruwa.

"Haba 'yar'uwa, don Allah. In goge uwar, in sa kakarki?"

Na ce, "Je ka sa taka." Na hau kekena na bar shi nan da bik ɗinshi.