Shirun Nolitha a Gaban Likita

Nolitha tela ce a garin Komani, kayan 'yan makaranta take ɗinkawa, kuma duk wanda ya gan ta sai ya ƙara mata shekara goma a kan hamsin ɗinta. Ita ke riƙe da mahaifinta, Tata Mzwandile, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Tun da gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa, ya kai ta gaban lauya ya sa hannu a takardar wakilci, don ta riƙa tsaya masa a ofisoshi. Shekara tara tana yawo da takardar nan cikin leda, har ta yi laushi kamar tsumma.

Abin da ta ɓoye wa kowa shi ne tunanin tsohon ya fara gushewa. In baƙi suka zo, sai ta tsaya bayansa da butar shayi tana raɗa masa sunayensu. Mutumin da in ya miƙe a taron dangi kowa ke kama bakinsa, ba za ta bari a yi masa dariya ba.

Ana nan sai yayanta Zwelakhe ya zo hutu daga Cape Town. Ya ɗauki tsohon a mota wai za su sha iska, suka dawo da sabuwar takardar wakilci, wadda ta ba Zwelakhe ikon sayar da gidan mahaifinsu.

"Bhuti, in ka sayar, a ina zai kwana?" in ji Nolitha, don haka ake kiran yaya a yarensu.

"Akwai gidan tsofaffi, har da talabijin. Ke ba ki gaji da wankin zanen gado ba?"

Ta gaji, wannan gaskiya ne, kuma shi ya fi ƙona mata rai.

Lauyar da ta je wurinta ba ta yi kwana-kwana ba. "Mama, wakilci ba ya aiki sai mai ba da shi yana cikin hankalinsa. In likitoci suka shaida ba ya ciki, takardar yayanki ta mutu. Taki ma ta bi ta, kotu ce za ta naɗa mai kula da dukiyarsa."

"Tawa ta daɗe ba ta mutu ba. A gabansa za a yi?"

"Shi za a yi wa tambayoyin. Kuma kada ki taimaka masa."

Ranar zuwa asibiti ta goge masa kwat ɗinsa ta zuwa coci. Shi a zatonsa gwiwa za a duba, har yana tsokanar likitan wai ya yi ƙuruciya da yawa. Likita ya yi dariya, sannan ya ce, "Tata, yau wace rana ce? 'Ya'yanka nawa?"

Tsohon ya gyara zama, ya ɗan karkato kunne wajen 'yarsa yana jira. Nolitha ta kafe ƙasa da ido. Ba ta taɓa jin kunyar kanta irin ta wannan lokacin ba. Likita ya jira, ya sake tambaya, ya sunkuya ya yi ta rubutu.

A motar haya, kan hanyar gida, hawaye suka ƙwace mata. Tsohon ya dube ta ya daɗe, sannan ya dafa hannunta.

"Ke ma kin manta ne ɗazu, 'yata? Kada ki damu, gajiya ce ta yi miki yawa. Ba zan gaya wa kowa ba."