Torao Ya Tafi Bai Ce Mini Sai Da Safe Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Nuwamba, da yamma, rai ya yi halinsa ga maƙwabcina Torao Kakehashi, a gonarsa ta lemon yuzu da ke bayan gida, yana da shekara tamanin da huɗu. Ni na same shi. Yana zaune ya jingina da itace, almakashi a hannu, kwando ya kusa cika. Na yi magana bai amsa ba, har na soma zaginsa, don na ɗauka halinsa ne na yi wa mutane kunnen uwar shegu.

Masu buga mujallar ƙungiyar manoma sun ce in rubuta wani abu. Ni Umeji Nakahira ban yi nisa a makaranta ba, tun ina yaro aka tura ni daji saran katako. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo ya same ni.

Torao, da kai nake. Kada ka ɗauka don ka mutu na manta da maganar ruwa. Shekarar da aka yi fari, gonar shinkafarka tana sama, tawa tana ƙasa, na wayi gari na tarar an toshe magudanar da ke sauko mini da ruwa. Ka ce aladen daji ne suka ture duwatsu. Aladen da suka iya jera duwatsu su liƙe da laka, har yau ban gansu ba. Shinkafata ta ƙone. A gaban mutane na rantse ƙafata ba za ta ƙara taka tsakar gidanka ba, kuma fiye da shekara arba'in ban taka ba. Ranar da na same ka ma ta hanyar baya na zagaya, gona kuwa ba gida ba ce.

Amma abu guda ka ƙi bari. Kullum idan rana ta faɗa bayan dutse, lasifikar gari ta gama waƙarta, kowa ya fito jan ƙyauren katako ya rufe ɗakuna, sai in ji muryarka daga sama kana mini sai da safe: "Oyasumi!" Ba doguwar nan ta ladabi ba, oyasuminasai, wadda ake yi wa manya har da rusunawa. Guntuwar, wadda ake jefa wa ƙane ko abokin wasa, alhali na girme ka da damina guda, kuma ban taɓa ba ka izini ba. Da farko shiru nake yi. Sai ka ƙara: "Kai kurman nan, na ce oyasumi!" Don a bar ni in huta nake amsawa. Haka muka tsufa, ba gaisuwar safe, ba ta rana, sai wannan sai da safen.

Gaskiya kam a faɗe ta, ko don matarka da ɗanka. Gidajen garin nan sun watse ɗaya bayan ɗaya har muka rage gida biyu, kai kaɗai ne ba ka bar kaburburan waɗanda 'ya'yansu suka tafi birni sun zama daji ba. Ka share, ka zuba ruwa, ka kunna turare, ba wanda ya sa ka. Lokacin da matata Kinue ta rasu a tsakiyar sanyi, na fito da asuba na tarar an kwashe ƙanƙara daga ƙofata har bakin titi. Ban tambaya ba, kai ma ba ka faɗa ba. Na dai san sawun takalminka, ɗaya ya fi ɗaya cinyewa.

Bayan rasuwar Kinue ne 'yata Sumie ta tayar da maganar in koma wurinta a Osaka, ɗaki a bene na tara, inda taga ba ta buɗewa gaba ɗaya. Na ce gawata za ta je. Ta yi kuka, ta yi fushi, daga baya ta yi shiru, na ɗauka na ci nasara. Ashe da kai ta haɗa baki. Kullum bayan an ja ƙyaure sai ta buga maka waya, ka ce mata ka ji muryata. Sharaɗinta ke nan: muddin akwai mai jin muryata da yamma, in zauna. Da na gano, na tsaya a bakin iyaka na kira ka ɗan leƙen asiri. Ka ce, "To ka daina amsawa mana, tsohon banza, gobe ta zo da mota." Dole na ci gaba da amsawa. Wannan ma yana cikin abin da nake riƙe da kai.

Bara na faɗo daga tsani ina tsinkar lemo, ƙugu ya riƙe, na ja jiki na shiga ɗaki. Da yamma ka kira, ba ƙarfin amsawa. Sai ga ka a kaina, ko takalmi ba ka cire daidai ba. Ka ce, "Ni ban yi rantsuwa ba, kai ka yi." Kwana da kwanaki kana kawo mini kunun shinkafa, kana kai ni bayi, kana mita wai na fi buhu nauyi. Da kunnena na ji ka a waya kana ce wa Sumie, "Lafiyarsa ƙalau, 'yata, yanzun nan ya gama haushi." Da ka faɗa mata gaskiya, da yau ina bene na tara ina kallon bango.

Yanzu ga shi ka tafi, ko shawara babu. Ranar Talatar nan lasifika ta gama, na ja ƙyaure rabi na tsaya ina jira. Na yi tari. Na buga ƙyauren da ƙarfi. Daga ƙarshe ni na fara kira, abin da ban taɓa yi ba, sai matarka Fusae ta leƙo ta ce ba ka dawo daga gona ba.

Sumie ta zo jana'iza da kwalaye a bayan mota. Ta jibge mini su a zaure ta ce, "Baba, wa zan kira yanzu? Faɗa mini mutum ɗaya." Ɗanka Noboru kuma na ji shi yana lallashin uwarsa ta bi shi birni da zarar an yi addu'ar kwana arba'in da tara. Idan ta tafi, tawa ta ƙare. Ban runtsa ba tun ranar. In kwanta, in tashi, in zaga gida, in dawo in tarar da kwalaye.

Shekaranjiya, bayan baƙi sun watse, na ji ƙyauren gidanka ya cije. Fusae tana ja, yana ƙi. Na sha gaya wa Kinue cewa kafintan da ya yi maka shi ɓarawo ne. Na saurara har na kasa, na ɗauki guduma da guntun kyandir na hau. Rantsuwa da kai na yi ta, kai kuwa ba ka nan. Na goga wa hanyar ƙyauren kyandir, na daidaita shi, ya tafi sumul.

Ta ce, "Baban Sumie, ashe ka san hanyar gidan nan."

Na ce, "Maman Noboru, tafiya za ki yi?"

Ta ce, "Wa zai kula da lemonsa? Na gaya wa Noboru sai na ga bazara, daga nan a sake magana. Na kuma ce wa Sumie ta riƙa kirana. Amma ka ji da kyau, ni ba Torao ba ce. Ko atishawa ka yi, sai na faɗa mata."

Na juya zan sauka, ta jefo mini oyasumi, guntuwar, irin taka. Matar da tun tana amarya take rusuna mini da doguwa. Ka lalata ta ita ma.

To ka gani, Torao. Ka bar ni a hannun mai gaskiya, kuma zuwa bazara kawai. Tun jiya nake taka tsani a hankali kamar ɓarawo, tari ma a cikin bargo nake yinsa.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya sauƙaƙa maka hanyar da ka kama. Ya saka maka da kaburburan da ka share da ƙaryar da ka yi domina. Ina miƙa ta'aziyyata ga Fusae, Allah ya ba ta haƙuri da ƙarfin gwiwa, ya kuma rage mata kaifin kunne. Ga Noboru da matarsa da 'ya'yansu, Allah ya ba ku dangana, ku riƙa zuwa kuna duba uwarku a nan inda take, hanya ba ta cizo. Maganar ruwa kuwa tana nan, sai na iso.